Dishi-dishin Allon Malam

Shagon mijina yana bayan tashar mota a Kankia, tsakanin mai gyaran fanka da mai sayar da buhunan da aka zazzage. Buga takardu ne aikinsa. Tambayoyin jarrabawa na makarantu, katin ɗaurin aure, takardar neman aiki, duk abin da mutum ya rubuta da hannu yana so ya fito da tsabta. Gidanmu kuwa yana Kusada, inda nake koyarwa a firamare, don haka kullum da safe sai ya hau babur ya tafi, ya dawo kafin magariba. Malam nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malama, wai don kada wani ya fi wani a gidan.

Kwamfutarsa tsohuwa ce, irin ta ɗorawa a cinya, kuma ta fara nauyi har sai ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba. Ƙaninsa, wanda ke aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, shi ya ce a sauke babbar manhajar da ke tafiyar da ita a ɗora wata ta kyauta, wadda mutane daga ƙasashe daban-daban ke haɗuwa suna yi ba da albashi ba. Ni da ƙanin nan ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Na ce masa abin kyauta dai ya san ƙarshensa. Ya ce ai ni ma kusan kyauta aka ba yayansa, ga shi har yau ina aiki. Ya ɗora, kwamfuta kuwa ta yi sauƙi.

A lokacin ne na lura Malam yana kai fuskarsa kusa da allo kamar mai shinshinar miya. Ya ce rubutun sabuwar manhajar ne ƙanana. Ƙaninsa ya shiga wurin saiti ya ninka girman komai, sai ya zama rabin shafi kawai ke fitowa, ba a iya aiki haka. Akwai wani girma na tsaka-tsaki, wanda ya fi na asali amma bai kai ninki ba, sai dai a ɓoye yake, sai an buga wani umarni kafin maɓallinsa ya bayyana. Da ya bayyana, a ƙarƙashinsa akwai ɗan gargaɗi da Turanci, cewa wannan tsari na gwaji ne, ba a kammala shi ba, kuma yana iya sa rubutu ya yi dishi-dishi. Ƙanin ya karanta mana, muka yi dariya, ya danna. Malam ya jingina da kujera ya ce yanzu ya ga duniya.

Da na san abin da ɗan layin nan zai zame mana, da na sa yatsa na rufe shi kafin a karanta.

Bayan wani lokaci takardu suka fara dawowa. Shugaban makarantarmu ya kira ni ofis ya nuna mini tambayoyin lissafi na aji biyar, kura-kuran duk a bakin shafi suke, farkon layi da ƙarshensa, tsakiya kuwa lafiya lau. Kunya ta kama ni, don ni na kai wa Malam aikin. Da na nuna masa, bai ko yi gardama ba. Ya buɗe saitin ya nuna mini layin.

"Kin gani ko? Su da kansu sun ce shina sa dishi-dishi. Ba su gama ba tukuna."

Na zauna a kujerarsa na duba. Abin da ya karya ni shi ne, da gaskiyarsa kaɗan. A wasu wuraren rubutun yana da ɗan hazo, bakin haruffan bai fita sosai ba, ko ni na gani. Sai dai ni ina karantawa duk da haka, har bakin shafi. Na ce masa haka. Ya ce ni ai leƙowa na yi, ba wuni nake a kai ba.

Amma kofin shayi ba ya cikin kwamfuta, kuma shi ma ya fara ture shi idan na ajiye a gefensa. Ƙofar ɗakinmu da ya yi shekara da shekaru yana shiga, sai ga kafaɗarsa tana bugun ta. Mutum zai zo ta gefensa ya miƙa hannu, shi bai sani ba, har aka fara cewa girman kai ya same shi. Da kaka, a hanyar garin Ƙofa, za shi gaida mahaifiyarsa, amalanken shanu ya fito daga gona ɗauke da dawa, Malam ya shige shi da babur. Allah ya tsare, gwiwa ce kawai ta goge. Mai amalanken ya rantse tun daga nesa yake ɗaga masa hannu. Malam ya ce rana ce ta haske shi.

Ranar na yi faɗan da ban taɓa yi ba. Ina wanke masa gwiwa da ruwan gishiri ina faɗa, har da kuka. Na ce gobe-goben nan mu je birnin Katsina a auna idonsa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce:

"Malama, mi na gaggawa? Wuni nike gaban abin da ba a gama ba, dole ido ya gaji. Ki bari su gama gwajinsu. In sun gama, allo ya washe, ni kuma ban ga daidai ba, wallahi da ƙafata zan tahi."

Ya rantse, kuma Malam ba ya rantsuwa a banza. Na karɓa, don a tunanina abin wata biyu ne ko uku. Wane irin gwaji ne zai wuce haka?

Daga nan na zama mai jiran mutanen da ban san su ba, ban san garinsu ba, su ma ba su san akwai wani gari Kusada ba. Duk lokacin da aka fitar da sabon zubin manhajar, ni ce ke tura wa ƙanin Malam saƙo ya zo ya sabunta. Ya zo ya ɗora, mu buɗe saitin, layin yana nan daram. An canza launin allo, an canza surar agogo, an matsar da wannan an ƙawata wancan, amma layin ko wasali ba a taɓa ba. Ɗiyarmu ta ƙarshe tana goye aka fara kunna abin nan. Aka yaye ta, ta yi wayo, ta shiga ajin farko a makarantarmu, ana nan ana gwaji.

Wata rana na matsa wa ƙanin ya bincika mini a intanet. Ya samo wani dandali inda masu amfani da manhajar ke hira, kuma ashe wani ya riga ni tambaya, da kalmomin da ke bakina: shin abin nan har yanzu na gwaji ne, bayan duk shekarun nan? Ya riƙa karantawa yana fassara mini. Wani ya ce shi ya daɗe yana amfani da shi ba matsala, mantawa kawai aka yi ba a cire gargaɗin ba. Wani ya ce a'a, tsofaffin manhajoji har yanzu suna hazo da shi. Wani ya ce masu aikin sa kai ne, wanda ya matsu ya zo ya gyara da kansa. Daga nan suka koma musu a kan wani abu dabam, suka manta da mai tambaya. Na ce wa ƙanin ya rubuta musu cewa akwai mutum a nan da idonsa ke jiran su. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ko na rubuta, mi za su yi mashi?" Ranar ko tsokana ba mu yi ba.

Na ji haushin mutanen nan ƙwarai, har yau ban huce ba, ko da yake na san ba su da laifi. Gaskiya suka rubuta. Sun ce abinsu bai kammala ba, kuma bai kammala ba. Sai dai gaskiyar tasu ta zo ta zauna a shagon mijina ta ba shi wurin fakewa.

Ba zama na yi ina kallo ba. Na kai ƙara wurin mahaifiyarsa a Ƙofa, ta ba ni kwalli da rubutun sha, ta ce in yi ta addu'a. Na yi wa limamin unguwarmu magana, ya same shi, Malam ya karɓe shi da fara'a ya ce in sha Allahu. Na taɓa yin yaji na kwana biyu, na dawo da kaina, don na kasa barci ina tuna shi a kan babur. Har na roƙi ƙanin ya goge layin da hannunsa mu ce an gama. Ya ce ko zai iya, hazon da ke allon zai tona mu, kuma shi ba zai yi wa yayansa ƙarya ba.

Tsohuwar ce ta faɗa mini abin da ya kamata in gane da kaina. Muna sussukar gero a tsakar gidanta ta ce mahaifin Malam ma haka ya fara, da ture ƙwarya da bugun ƙofa, kuma Malam ne ke riƙe masa sanda zuwa masallaci har ya rasu. Ni na zo gidan bayan rasuwarsa, an ce mini dai ya makance da tsufa. "Ɗiyata," in ji ta, "ba rashin sani ba ne. Tsoro ne." Na dawo gida ina jin tausayinsa da haushinsa a haɗe, ban san wanda ya fi yawa ba. Mutumin da ya san inda hanyar take zuwa, kuma ya zaɓi ya jira wasu baƙi su ba shi izinin dubawa.

Sabon zubin da ya kawo ƙarshen jiran ya zo wata Asabar da hantsi. Ni ma ina shagon, na kai aikin makaranta. Ƙanin ya ɗora, kwamfutar ta mutu ta tashi, ya shiga saitin. Maɓallin ya fito fili cikin 'yan'uwansa, ba ɓoyo, ba umarni, ƙarƙashinsa kuma fari fes. Rubutun allon ya fita tar, kowane harafi da bakinsa, irin wanda ban taɓa gani a kwamfutar nan ba. Na buɗe baki zan yi hamdala, sai na ga ƙanin yana kallon yayansa.

Malam ya matso da kujera. Ya kama mawus, ɗan linzamin kwamfutar, yana juya shi, yana bin allon da kansa gaba ɗaya, sama da ƙasa, yana neman ɗan kibiyar.

"To kunna mana," ya ce.

"A kunne shike, Yaya."

Ya ƙara matsowa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Mai gyaran fanka yana ta buga wani abu a maƙwabta. Can Malam ya ce, "Malama, karanta mani abin da ke ƙarƙashin maɓallin."

Na ce babu komai, sun cire.

Sai ya saki mawus ɗin, ya ɗora hannuwansa a cinya, ya ce jibi Litinin mu tafi Katsina. Ya cika alkawarinsa, ko tuni ban yi masa ba.

Likitar ido mace ce, mai magana a hankali. Ta ce hawan jinin ido ne, yana bin dangi, yana cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Idon hagu ya tafi. Na dama saura kaɗan a tsakiya, shi za a yi ƙoƙarin riƙewa da maganin ɗigawa. Ta tambaye ni yaushe muka fara lura. Na faɗa mata. Ta sunkuya tana rubutu, kuma na gode mata a raina da ba ta yi mana faɗa ba.

An sayar da babur. Yanzu ni ke buga aikin shagon, bayan an tashi makaranta da ranakun hutu, mu shiga mota tare mu je Kankia. Malam yana zama bakin ƙofa yana karɓar mutane, ya san kowa da murya, kuma daga ƙarar maɓallai yake gane na yi kuskure ya ce in koma. Ina ɗiga masa magani a kan lokaci. Duk da haka abin da ya rage yana raguwa, shi ya sani, ni na sani, ba ma zancen.

Na daɗe ina aiki da allon a girman da ya bar shi, ko da yake yana rage mini shafi yana sa ni yawan ja sama da ƙasa. Wata rana aiki ya yi yawa, katin aure ga jarrabawa, sai na shiga saitin na mai da komai girmansa na asali. Ban ce masa ba. Amma ya ji na daina bugu, ya ji 'yan danne-dannen.

"Kin mai da shi ƙarami ko?"

Na ce i, amma in yana so in mayar.

"A'a, bar shi," ya ce. "Wa za ki mayar ma?"