Gwangwanin Kawu

Shekarar da aka ce mu tashi daga gidanmu na unguwar Misfala a Makka za a rushe layin, ni na haɗa wa Kawu kayansa. Yayan mahaifiyata ne, tela, lokacin idonsa ya fara rauni. A ƙarƙashin gadonsa na ci karo da wani faffaɗan gwangwani duk ya yi tsatsa.

Ya ce faifan majigi ne a ciki. Yana saurayi ya yi wa wani attajiri aiki a Jidda, mutumin yakan haska wa baƙinsa majigi a bangon tsakar gida. Wannan na ban dariya ne, na Amurka, tsoho ƙwarai, ba a magana a cikinsa. Da injin ya lalace aka zubar da tarkacen, shi kuwa ya tsince wannan.

'Yata, wadda Larabci ya fi zama a bakinta, ta ce ta karanta cewa yawancin irin waɗannan finafinai sun salwanta, har a can inda aka yi su. Wataƙila namu kaɗai ya rage. Kawu ya gyara zama, ya ce a buɗe.

Da wuƙa muka ɓamɓare murfin. Wari ya buge mu. Faifan ya manne ya zama curi guda, gefensa ya koma gari. Da ƙyar na ciro ɗan guntu, na ɗaga shi wajen taga. Hula kawai na gani da ƙafar mutum a sama.

Kawu ya daɗe yana shafa guntun. Na ɗauka kuka zai yi.

"Nan ne agwagwar ta biyo shi," in ji shi.

Ya dafa kafaɗata ya miƙe. Ya zama siririn mai gasa burodin nan na cikin majigin, ƙullu ya liƙe masa a hannu, ya yarfe, ya koma ɗaya hannun. Ya waiga, ya ga agwagwa, ya ɗage mata hula cikin ladabi kafin ya zura da gudu. Gudun taku uku ne, tsakanin katifa da akwati. 'Yata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, wayarta na hannu amma ta manta ta ɗauki bidiyo.

Da ta roƙe shi ya sake, ya ce gwiwa ta ƙi, sai mun koma sabon gidanmu a unguwar Hindawiyya. A can ya yi mana sau biyu kafin ya kwanta ciwo, kuma kowane karo ƙarshen labarin daban yake.