Likitar da take duba takalmanmu

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, sha biyu ga Maris, kika riga mu gidan gaskiya, Likita. Mai sharar sashen ƙashi ce ta bugo mini waya da hantsi. Asibitin da kika yi wa aiki shekara ashirin bai ga dama ya sanar da mu marasa lafiyarki ba.

Ni tela ce. Shekara shida da suka wuce aka turo ni ofishinki a keken guragu, gaɓar ƙuguna ta dama ta cinye, ko keken ɗinki ba na iya takawa. Ke kika cire ta kika sa mini ta ƙarfe. Kwana biyu da tiyata kika tsaya a kaina kika ce in sauko daga gado. Na ce ke kam ba ki da imani. Kika yi dariya, kika ce in adana zagin sai mun kai bakin ƙofa. Muka kai kuwa, ina kuka, kina riƙe da hannuna.

Daga nan kika roƙe ni in shiga bincikenki. Mu casa'in ne da aka yi wa wannan aiki, kina son sanin yadda ƙarfen yake zama a jikin mutum bayan shekaru. Duk wata shida sai mu zo, kowa da tsohon takalmin da ya fi sawa a cikin leda. Muna zaune a benci muna tsokanarki, wai asibiti ya koma shagon gyaran takalmi. Sai kika faɗa mana dalili. Kin ce mutanenmu, ko ciwo yana cin ransu, da an ce yaya jiki sai su ce da sauƙi, don kada a ga sun raina aikin likita. Amma wanda ya fara jan ƙafa, dunduniyar takalminsa gefe guda za ta cinye. Haka za ki kifa takalmin a tebur, ki auna, ki liƙa masa lamba, ki jera a kan kantar ofishinki.

Shekarar da maigidana ya rasu na manta da ranar zuwa. Sai ga ki a shagona da rana tsaka. Kika zauna a cikin tarkacen yadi kika yi mini gaisuwa, da za ki tafi kika sunkuya kika ɗauke silifas ɗina a bakin ƙofa, kika ajiye mini sabo.

Bara kika tara mu kika gaya mana gaskiya. Kin ce ƙarfen iri biyu ne, kuma takalma sun nuna miki ɗaya yana saurin sakin ƙashi. Kamar mutum talatin a cikinmu ke ɗauke da shi. Kika ce kada hankalin kowa ya tashi, za ki kira mu ɗaya bayan ɗaya a yi hoto, wanda ya kamata a gyara a gyara masa tun bai faɗi ba. Ba a yi wata biyu ba ciwo ya kwantar da ke.

Mataimakinki kika damƙa wa aikin, wanda ke kika koya masa riƙe wuƙar tiyata, wanda kike cewa ƙanena a gabanmu. Sau ɗaya ya kira mu. Bai ce mu zo da takalmi ba, bai yi wa kowa hoto ba. Takarda ya raba, ana tambayarmu yaya jiki, muka sa hannu. Bayan wata guda wasiƙa ta zo, wai bincike ya kammala, sakamako ya yi kyau, an gode mana. Na ji sunansa ne a saman rahoton, har an tafa masa a taro. Takalman kuwa, mai shara ta ce ita aka sa ta zuba su a buhu aka ƙone, wai ana bukatar ɗakin. Duk wannan kina kwance a bene na uku na asibitin nan, ba a nesa ba.

Na je na same shi. Na ce ba rigima ta kawo ni ba, so nake kawai ya gaya mini wane irin ƙarfe ne a jikina. Ko kai bai ɗaga ba.

"Mama, ai ke da bakinki kika ce da sauƙi. Ga sa hannunki nan."

Wallahi tunda nake ba a taɓa cin amanata irin wannan ba. Ya san halinmu sarai, a wajenki ya koya, da shi ya yanke mu. Ni ma ki yafe mini, Likita. Na faɗa ɗin, alhali ƙugun ya kwana biyu yana mini tsami.

Makon jiya ɗaya daga cikinmu, direban babbar mota, ya faɗi yana saukowa daga motarsa, ƙarfen ya goce. Na je duba shi, ya ce ba komai, da kin samu lafiya za ki gyara masa. Na kasa gaya masa kin rasu.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa duk takun da muka yi da ƙafafunmu ya zame miki lada. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, da 'ya'yanki uku, da mahaifiyarki da ta ga wannan rana. Allah ya ba ku haƙuri. Shi kuwa ƙanin naki, ban iya yi masa addu'a ba tukuna, ba kuma zan yi ƙarya a ta'aziyyarki ba.

Mutum talatin ɗin nan, Allah ya tsare su. Har yau ban san ko ina cikinsu ba. Kullum da safe, kafin in ɗora nauyina a ƙafar dama, sai na dafa bango.