Naman Kaza Na Gindin Suri

Daminar da muka ɗauko Inna daga ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum muka kawo ta gidana a Gummi, ta daina cin abinci. Ƙauyen ya watse saboda 'yan bindiga, ta baro gona da shuka a ciki, ga zazzaɓi ya kwantar da ita. Zazzaɓin ya tafi, cin abinci bai dawo ba. Tuwo sai dai ta kalle shi, kunu ta kurɓa ta ture. A asibiti aka ce magani ya yi nasa, saura abinci. Na tsorata ƙwarai, ni kuwa in na tsorata faɗa nake yi.

"Inna, don Allah hwaɗa min abin da kika so."

Ta ce, "Naman sa, da naman kaza ciki, irin wanda uwata ka yi."

Ban tsaya tambaya ba. Maigidana ya kama kazar da ta fi ƙiba ya yanka, na haɗa da tsokar sa, na kai mata yana tururi. Ta buɗe kwano ta leƙa.

"Wa yac ce a yanka kaza?"

"Ke kinka ce!"

"Naman kaza nic ce."

"To wanga na jaki na?"

Ta juya fuska bango. Ni a gari na tashi wajen gwaggona saboda makaranta, abin da na sani kaza ita ce mai fiffike. Na fito da kwanon ina huci.

A tsakar gida na iske Bafulatanar da ke kawo mana nono, wadda muke kira Adda. Ina ba ta labari ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ta ce 'yar boko, an yi asarar kaza. Naman kaza tsiro ne fari mai kamar lema, yana fitowa gindin suri, gidan gara ke nan, in an kwana ana ruwa. In ya dahu sai ka rantse tsokar kaza ce. Akwai mai kama da shi da ke kisa, don haka kada in kuskura in je nema da kaina.

Muka zauna jiran ruwa. Ban taɓa duban sama kamar a kwanakin nan ba, Inna kuwa kullum ƙara ramewa take. Ranar da aka wayi gari ƙasa jiƙe, sai ga Adda da 'yar ƙwarya rufe da faifai.

Na yanka tsokar cinyar sa fala-fala, na shafe ta da gishiri da masoro da tafarnuwa. Na narka man shanu a tukunyar ƙasa, na soya naman har ya yi ja ciki da bai. Na zuba albasa da daddawa da citta, ruwa kaɗan, na rufe, na janye itace na bar shi kan garwashi. Inna ba ta da haƙoran kirki, dole sai naman ya kai yatsa ya ratsa shi. Ina ɗaukar wuƙa zan yanka naman kazan, na ji murya daga ɗaki:

"Da hannu aka yaga shi, ke!"

Ashe ta matso bakin ƙofa tana kallo. Na yaga da hannu, na zuba, ya sha romo ya yi laushi, miyar ta yi kauri. Ɗoɗɗoya da lawashi su ne na ƙarshe, ƙamshi ya cika gidan.

Na ajiye mata haɗe da tuwo na koma gefe, ina yi kamar tsintar shinkafa nake. Ta ɗauki naman kazan tukuna, ta tauna a hankali. Ta gutsuri tuwo ta dangwala. Ta sake.

"Ina anka samo shi?"

"Adda ta ce bayan gari, kusa da rugarsu."

"Na surin gonarmu ya hi wanga girma," in ji ta. "Yanzu yana can ya hito, babu mai cira."

Idona ya cika. Ita kuwa ta suɗe yatsunta, ta turo mini kwano.

"Gishiri bai ji ba. Ƙaro min."