Ranar da Ardo ya ce wa Baba "Malam"

Akwai wata rana ta lokacin kaka da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Shekaru sun wuce, amma har yau idan na tuna ta sai in ji kamar jiya aka yi ta.

Bayan na bar lakwal, wato makaranta, ƙanwar Inna ta samo mini aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a Birnin Konni. Aikina shi ne auna abin da ke zukatan jama'a. Duk labarin da ya fito, sai in shiga gurup-gurup na salula, na ƴan kasuwa, na ƴan kabu-kabu, na ƙauyuka, in yi ta sauraron vokal, wato saƙon murya, tunda yawancin mutanenmu ba rubutu suke yi ba. Daga nan in gaya wa shugaban shirin inda ake fushi, inda aka yarda, da inda hankali yake kwance, shi kuma ya faɗa a rediyo.

Cikinsu har da gurup na ƙauyenmu, can wajen Tajaye, wanda ya haɗa manoma da Fulanin rugar bayan gari. Babana maƙeri ne, kuma tsakanin maƙera da Fulani akwai wasan taubasantaka tun kaka da kakanni. Kowace safiya Ardo, shugaban rugar, zai turo vokal ya ce, "Bawana, ka tashi, ko hayaƙi ya kashe ka?" Baba ya amsa, "Ɗan daji, taho ka amshi tsakin gero, na san nono bai riƙe ciki." Da wannan nake fara aiki kullum, ina dariya ni kaɗai a buro, wato ofis.

A shekarar, sai aka sanar da ranar sakin gonaki, ranar da ake barin dabbobi su shiga su ci kara bayan girbi. Manoma suka ce an yi gaggawa, wake bai gama bushewa ba. Makiyaya suka ce dabbobinsu sun galabaita. Salula ta ɗauki zafi daga Malbaza har Illela. Na sha zagi a kunnena har kaina ya yi ciwo, ko da yake na lura masu ɗaga murya da yawa suna can ci-rani a bakin teku, babu saniya ko gona kusa da su. Ƙauyenmu kaɗai ne babu hayaniya. "Allah ya ba mu zaman lahiya." "Amin." Shi ke nan.

Bayan azahar shugaban ya leƙo ya ce, "To, ɗiyar maƙera, ina ne da sauƙi?"

Na buɗe baki zan ce garinmu, sai na tsaya. Na tuna ban yi dariya ba da safe, jiya ma haka. Na koma baya a gurup ɗin na nemo gaisuwar ranar. Muryar Ardo ce, a natse: "Ina kwana, Malam." Baba ya amsa, "Lahiya lau, Ardo. Na gode."

Tun da na yi wayo ban taɓa jin mutanen nan biyu sun girmama juna ba. Na kira Inna. Ta ɗauka tana magana ƙasa-ƙasa, kuma a bayanta ina jin ƙarar ƙarfe.

"Shanun ruga sun shiga waken yayanki, ba su bar komi ba," in ji ta. "Samari na nan maƙera, sun kawo adduna a wasa musu. Sun ce in anka yi la'asar su tahi ruga. Yayanki na gaba."

"Baba hwa?"

"Yana wasawa."

Na gaya wa shugaban, ya kira jami'an tsaro na jandarma nan take, amma ni na san hanyar garinmu, kuma na ga inda rana take. Yayana ne a gaba. A rugar kuma akwai matar Ardo, wadda ta goye ni lokacin da Inna ta yi jinya. Ko wane ɓangare aka ɗauko gawa, tawa ce.

Mata suna cikin gurup ɗin, amma ba ma magana, balle yarinya kamata. Har yau ban san abin da ya danna yatsana ba. Na ce, "Ardo, bawan babana, ɗiyar ubangidanka ce. An ce mini ka koyi ladabi. Wa ya koya maka? Ko yunwa ta sa kake cewa Malam, don a sam maka tsaki?"

Na tura. Ina ganin alamar mutane suna saurara, ɗaya bayan ɗaya, babu mai amsawa. Na ce a raina na ƙara lalata komai, yarinya ta zagi dattijo a rana irin wannan. Na zauna a ƙasa.

Can sai ga vokal daga Ardo. Da farko numfashi kawai nake ji, da kukan maraƙi. Sannan ya ce, "Ke ɗiyar bayi, wa ya ba ki salula? Hwaɗa ma tsohon bawan nan ya hura wuta, ga ni nan tahe in duba ko ya iya aiki. Ni kaɗai."

Sauran Inna ce ta ba ni labari. Ta ce ya shigo da sandarsa da malfarsa, ya ratsa tsakiyar samari masu adduna, ya je ya zauna a kan buzun Baba. Ya miƙa hannu ya karɓi addar yayana, ya shafa bakinta da yatsa, ya ce, "Wagga ko kabewa ba ta yankawa. Haka ka koya ma ɗanka?" Babu wanda ya motsa. Baba ya ajiye guduma ya ce, "Tashi mini bisa buzu, ɓarawon wake." Ta ce dariyar da Baba ya yi ta fi kama da kuka. Wani saurayi ya ƙyalƙyale, wani ya biyo shi. Lokacin da jandarma suka iso, a gonar suka same su tare da dattawa ana duba ɓarna, kuma Ardo ya ɗauki nauyinta.

Har yanzu abin yana ba ni mamaki da tsoro. Ba dabarata ba ce. Wasa ne da kakanninmu suka bar mana, wanda nake ɗauka shirmen tsofaffi, sai ga shi ya karɓe adda daga hannun yayana.

Ranar ta koya mini cewa idan kana son sanin halin da mutane suke ciki, kada ka tsaya ga abin da suke faɗa da ƙarfi. Ka nemi abin da suka saba faɗa suka daina. Ina nan a aikin, kuma kowace safiya gurup na garinmu nake fara buɗewa. Ba na iya karyawa sai na ji Ardo ya zagi babana.