Juyin da Aka Yi wa Saudatu

Saudatu, matata, 'yar Rimaye ce. Ta sauke Alƙur'ani tun tana budurwa, amma ba ta yi boko ba. A gidanmu na Kankia take koyar da matan unguwa karatu bayan la'asar. Sau uku ta haihu, Amatullah kaɗai ta zo da rai. Bayan wannan haihuwar ne zuciyarta ta kumbura, likita a Katsina ya ce wani cikin zai iya tafiya da ita.

Ni ya yi wa bayanin aikin tsayar da haihuwa, da Turanci. Za a ɗan tsaga ƙasan cibiya, a hura iska a cikin, a zura siririn bututu mai fitila da kyamara. Ta wata 'yar ƙofa ta biyu a shigar da ƙarfen da zai kamo hanyoyin ƙwai guda biyu. Ana iya matse su da ɗan maƙali, ana iya ƙone su da lantarki a yanke. Na zaɓi ƙonawar, don a ganina ta fi tabbas.

Da nas ta juyo ta ce mata, “Juya miki mahaifa za a yi,” sai Saudatu ta gyaɗa kai, ta dangwala yatsa a takardar amincewa. Na gane abin da ta fahimta: abin da aka juya ana iya juyo shi. Ban gyara ba. Ina tsoron kada ta fasa.

Aikin bai kai awa ɗaya ba. Tabon ma ko ƙwayar wake bai kai ba, har takan tsokane ni wai likitocina ko yanka ba su iya ba.

Bara sanƙarau ya ɗauke Amatullah, tana da shekara tara.

Bayan sadakar arba'in, Saudatu ta ninke zannuwa biyu ta sa a jaka.

“Baban Amatullah, ka kai ni a juyo da mahaifar. Na ji sauƙi yanzu.”

Na zaunar da ita, na faɗa mata komai da Hausa, har da wanda ya yi zaɓin. Ta daɗe tana kallon jakar.

“Ka sani tun ranar?”

Na ce na sani.

Ba ta yi kuka ba. Ta mayar da zannuwan cikin akwati. Har yau tana koyarwa, tana kawo mini abinci a kan lokaci. Sai dai tun daga ranar Malam take ce mini.