Zakaran da Ya Riga Alfijir

A ƙauyenmu na bayan Gozaki, idan an gama cirar auduga sanyi ya sauko, kakarmu Iya takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta bayan isha'i. Mu jikoki mu kewaye ta, tana gasa mana rogo a cikin toka tana ba mu tatsuniya. Can gefe Baffa Ilu, ɗanta na fari, yake zama yana jin ɗumi. Kurma ne, wuyansa a karkace. Mu yara mun raina shi, har waƙa muka yi masa.

Ranar da aka ji a rediyo cewa gwamnatin farar hula ta soke haraji, gari ya yini ana kiɗa. Cikin murnar na bi Baffa da waƙar tsokana har tsakar gida. Iya tana ji. Sai da muka zauna bakin wuta da dare ta dube ni.

"Matso kusa, angona. Ta yau taka ce, buɗe kunne."

Wani gari ne, in ji ta, dare ya daɗe a kansa har mutane suka manta akwai rana. Sai wani zakara ya hau danga ya yi cara, yana cewa gari na iya wayewa. Masu cin moriyar duhu suka kama shi, suka murɗe masa wuya, suka yar. Bai mutu ba, amma muryar ta tafi. Sauran zakaru da suka ji shi suka ɗauka, wannan ya miƙa wa wancan, har alfijir ya keto.

"Sai aka naɗa shi sarkin zakaru?" na tambaye ta.

"Wa ya tuna da shi? Kowa na ta shan hantsi. 'Yan tsaki ma cakarsa suke yi."

Ba ta rufe da ƙurunƙus ba. Ta goge ido da bakin zane, ta ce hayaƙi ne.

Ina sakandare a Malumfashi Baffa ya rasu. A zaman makoki mahaifina ya ba ni labarinsa. Tun kafin samun 'yancin kai Baffa ya shiga jam'iyyar masu fafutukar talakawa, yana bin kasuwanni a keke, yau Kafur gobe Dayi, yana gaya wa manoma cewa aikin tilas a gandun masu sarauta ba farilla ba ne, talaka ma ɗa ne. Aka kama shi, aka ɗaure. Dukan da ya sha a can ne ya kashe masa kunne, ya karkatar masa da wuya.

Daga baya na karanta tarihin juyin juya hali na ƙasashe da dama, duk cike da sunayen jagorori da hotunansu. Ban ga irin su Baffa a ciki ba, waɗanda suka biya da jikinsu suka dawo gida aka yi musu dariya.

Yau babu mai tilasta wa ɗana noman gonar wani. Bara na kai shi maƙabarta don ya yi wa Baffa addu'a. Muka yi ta zagaye cikin ciyawa har rana ta yi zafi, na kasa gane kabarin.