Takalma a Ƙofar Ɓoɓɓo

Ka taɓa ƙirga takalman da ke ƙofar maƙwabcinka? Ni na ƙirga, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Maƙwabcin nawa Malam Ɓoɓɓo ne, a nan unguwar New Bell ta birnin Duwala. A gidan da yake ciki aka haife shi, bai taɓa ƙara masa ko taga ɗaya ba. Kakansa Hamman ne ya gina shi, lokacin da ya gangaro daga Garwa da shanu, wurin nan duk gonar rogo da ayaba. Da farko soro ya yi irin na arewa, rufin ƙasa a shimfiɗe. Daminar Duwala ta farko ta narkar da shi kamar sukari a shayi. Sai tsohon ya je ya kalli yadda mutanen ƙasar ke yi. Ya kafa itatuwa, ya saƙa gwangwala, ya cusa jar ƙasa a tsakani, ya ɗaga daɓe har gwiwa saboda ambaliya, ya ɗora rufin ganyen tukurwa mai gangara wanda ya sauko ya kare bango daga ruwa. Zaure da rumbu ne kawai ya ƙi rabuwa da su. Birni ya cinye gonar, rumbun ya koma gidan tantabaru, amma zauren yana nan.

Shi Ɓoɓɓo gadi ya yi ta yi a wani kamfanin katako a bakin teku. Da tattalin arziki ya karye aka sallame shi, ya dawo zaure yana sayar da 'yan shila. Duk hidimarsa da gidan, kafin ruwa ya sauka shi da matarsa Kulsum su kwaɓa ƙasa su yaɓe inda ya tsage. Shi ke nan fa!

Ni kuwa atamfa nake sayarwa a kasuwar Marché Congo, ban iya zama ba. Da gumina na gina nawa: bulo dubu biyu da ɗari huɗu, kwano sittin da biyu, taga takwas masu gilashi, fanka uku. Saboda mahaifiyata Iyatu na yi, na ɗauko ta daga Ngawundere don ta huta a gidan ɗanta.

Sai ga shekarar 1991, lokacin villes mortes, da ake rufe kasuwanni kowa ya zauna gida. Wutar lantarki kuma ba ta zama. Na share falo, na jera kujeru goma sha biyu, ina jiran magidanta su zo hira. Rana ta take, kwano ya ɗau zafi, fankokina suka tsaya suna kallona. Na leƙa waje. Ƙofar zauren Ɓoɓɓo takalmi ƙafa talatin da ɗaya. Ƙofata biyu, kuma duk nawa ne.

Da na sake ƙirgawa don in tabbata, sai na hango koren silifas ɗin da na saya wa Iya, a ƙofar cikin gidan Ɓoɓɓo.

Na tsaya na yi sallama har ta fito, idonta duk barci.

"Iya, me kike yi a gidan mutane?"

"Barci, ɗan nan. A naka gidan dahuwa nake yi."

Ɓoɓɓo ya ɗaga murya daga zaure: "Alhaji Suhaib, shigo mana, ba ma karɓar kuɗin fanka! C'est la crise, mon frère, matsin tattalin arziki ne, iska ma ta bar gidan masu hali."

Aka kwashe da dariya. Ban shiga ba. Amma daga bakin ƙofar na ji sanyin da ke fitowa, har da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, na ƙara jin haushi.

Da yamma Iya ta ce Kulsum ta share mata ɗaki, za ta koma can har zafi ya wuce. A Duwala yaushe zafi ke wucewa? Uwata, a gidan tsohon mai gadi, unguwa na kallo!

Ban ɓata lokaci ba. Na auna filin bayan gidana, na sa aka kawo jar ƙasa amalanke tara da gwangwala dami shida, don in gina wa Iya ɗakin ƙasa. Ban gayyaci Ɓoɓɓo ba, shi ya tsallako, ya naɗe wando ya shiga kwaɓi yana tsokanata: "Alhaji, taka da ƙarfi, ba yadi kake aunawa ba." Na miƙa masa ladansa ya ƙi karɓa, wannan ma ya ƙona ni.

Iya ta dawo. Tana barcinta a gidana, alhamdu lillahi. Sai dai ƙawayenta kan bi ta kan tayil ɗina ba su ko kalle shi ba, su wuce baya, suna tambaya: "Tana ɗakin Ɓoɓɓo?" Filina, ƙasata, gwangwalata, amma ɗakin Ɓoɓɓo!

In ka shigo New Bell, don Allah ka zo da tsakar rana. Ka ɗora tafinka a bangon zaurensa, ka zo ka ɗora a na falona. Gwada ka ji da kanka. Amma in za ka zauna a can, ka taimaka ka bar takalmanka a ƙofata.